Yadda Ake Mayar da Manhajar Gini Daga Linux Zuwa Windows

Mafi yawan kwamfutocin da ɗalibi ko matashin mai rubuta manhaja zai samu a Sakkwato, ko a ɗakin kwamfuta na makaranta ne ko kuma kwamfutar hannu ta gwanjo da ya saya da kuɗinsa, Windows ce a kansu. Su kuwa manhajojin da ake harhaɗa sauran manhajoji da su, yawancinsu a gidan Unix suka tashi, wato dangin babbar manhajar kwamfuta da Linux ta kwaikwaya, kuma da ɗabi'un can suka girma. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya samo manhajar gini mai kyau da aka rubuta domin Linux, ya so abokan aikinsa su yi amfani da ita, sai ya tarar ba ta ko motsawa a kwamfutocinsu. Wannan jagora domin irin wannan mutum aka rubuta ta, bisa zaton cewa ya san yaren C ko C++ gwargwado, kuma manhajar da zai yi wa aikin da ɗaya daga cikinsu aka rubuta ta.

Manhajar gini ita ce irin Make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, da Ninja, wadda Evan Martin ya ƙirƙira lokacin da yake aiki a kan Chrome, da sauran danginsu. Matsayinta kamar na shugaban magina ne: ba ya ɗora bulo da hannunsa, amma shi ya san abin da za a fara da abin da zai biyo baya, shi ke kiran kowane ma'aikaci a lokacinsa, kuma idan an sake fasalin ɗaki ɗaya ba ya sa a rushe gidan duka. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin aikinta. Duk alƙawarin da manhajar gini ta ɗaukar wa mai amfani da ita bai wuce ta gane abin da ya sauya, ta sake gina shi da duk abin da ya dogara da shi, ta ƙyale sauran ba. Don haka ranar da ka ga ta ginu a Windows ba tare da kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun tushe zuwa yaren inji, ya yi ƙorafi ba, ka sani ba ka kai ko rabin hanya ba, domin abin da ake nema shi ne ta cika wancan alƙawarin a sabon wurin kamar yadda take cika shi a tsohon.

Kafin a taɓa komai

Ka fara tambayar kanka ko aikin ya zama dole. Tun 2016 akwai WSL, wadda ke ba ka Linux a cikin Windows, akwai kuma Cygwin da MSYS2, waɗanda ke shimfiɗa wa manhajar wani yanayi mai kama da Unix. Idan buƙatarka ita ce kai kaɗai ka gina abinka, ɗaya daga cikinsu ta ishe ka, kuma ba laifi ba ne ka tsaya nan. Amma idan manufar ita ce a miƙa wa mutum fayil guda ya saka a kwamfutarsa, ya kira kwamfailan Microsoft da shi, ba tare da ya sauke wasu manyan kaya da datarsa ba, to sai an yi aikin na gaskiya. Ka duba lasisin manhajar, ka kuma bincika ma'ajiyarta ko wani ya taɓa fara wannan aikin ya bari, domin rabin aikin wani ya fi fara daga babu.

Matakin farko karatu ne. Ka bi rubutun tushen manhajar ka fitar da jerin duk wuraren da take magana da babbar manhajar kwamfuta kai tsaye. Umarnin grep zai sauƙaƙa maka: ka nemi unistd.h, da fork, da execvp, da waitpid, da pipe, da stat, da opendir, da signal, ka kuma nemi adireshin da aka rubuta a fili kamar /bin/sh da /tmp da /dev/null. Za ka ga jerin ya kasu gida huɗu ne kusan kullum: sunaye da adireshin fayiloli, lokacin da aka taɓa fayil, tayar da wata manhaja da jiran sakamakonta, sai karatu da rubutu. Abin da ya rage, wato karanta dokokin gini da lissafin wane ne ya dogara da wane, babu ruwansa da Linux ko Windows, kuma bai kamata hannunka ya kai gare shi ba.

Mataki na biyu a Linux ake yin sa, tun ba a buɗe Windows ba. Ka tattara duk waɗannan kiraye-kirayen ka mayar da su bayan katanga ɗaya, wato ƴan fankshin naka masu sunaye bayyanannu, kamar mai faɗin lokacin fayil, da mai tayar da umarni, da mai goge fayil, ta yadda sauran manhajar ba ta san komai ba sai su. Ninja misali ce mai kyau a nan: tana da fayil mai suna subprocess-posix.cc da wani mai suna subprocess-win32.cc, kowanne yana cika alƙawari iri ɗaya ta hanyarsa. Hanyar da ta fi jan hankali, wadda kuma nake hana kowa bi, ita ce a riƙa cusa #ifdef _WIN32 a duk inda kwamfaila ya yi kuka. Da farko kamar tana da sauri, amma bayan wata shida babu mai iya karanta rubutun, kuma masu kula da manhajar ta asali da wuya su karɓi irin wannan gyaran. Bayan ka gama katangar, ka gudanar da duk gwaje-gwajen manhajar a Linux ka tabbatar ba ka fasa komai ba, ka ajiye wannan a Git a matsayin aiki mai zaman kansa.

Ginin farko

Akwai wata ƙulalliya a nan: manhajar gini galibi da kanta ake gina ta, ga shi kuma ba ta wanzu a sabon wurin ba tukuna. Manyan manhajojin sun warware wannan da ɗan rubutu mai kiran kwamfaila kai tsaye a kan kowane fayil. GNU Make tana da build_w32.bat, Ninja kuma tana da configure.py da ake kira da --bootstrap. Kai ma ka rubuta irinsa, gajere, ba tare da wata dabara ba. Batun kwamfaila kuwa, zaɓi biyu ne a gabanka, na Microsoft ko MinGW-w64. Na biyun ya fi sauƙin saukewa nesa ba kusa ba, kuma tunda GCC ne, saƙonninsa ba za su zame maka baƙi ba. Na Microsoft yana cin gigabait da yawa, don haka idan kuna aiki a rukuni, mutum ɗaya ya sauke a inda ake da intanet mai ƙarfi ya raba wa sauran a filas. Duk da haka, kafin a ce an gama sai an gwada da duka biyun. A wannan matakin, ka cika ɓangaren Windows na katangar da fankshin da ba sa yin komai sai faɗin cewa ba a rubuta su ba tukuna, domin ka samu abin da ke ginuwa, sannan ka riƙa cike su ɗaya bayan ɗaya.

Sunaye da adireshi

Kowa ya san Linux da / take raba adireshi, Windows kuma da \, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar bambancin, domin yawancin fankshin ɗin Windows suna karɓar duka biyun. Hatsarin yana wajen kwatanta sunaye. Idan dokar gini ta ambaci src/lissafi.c a wani wuri, kwamfaila kuma ya dawo da src\Lissafi.c, a wurin Windows fayil ɗaya ne, tunda NTFS, tsarin ajiye fayiloli na Windows, ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a yadda aka saba saita ta, amma a wurin manhajarka fayiloli biyu ne, kuma igiyar dogaro ta tsinke ke nan ba tare da wani saƙo ba. Maganin shi ne duk adireshin da ya shigo a daidaita shi zuwa siga ɗaya tun a bakin ƙofa. Ka kuma lura da alamar ɗigo biyu: a dokokin Make ita ce ke raba abin ginawa da abin da ya dogara da shi, ga shi kuma cikakken adireshi a Windows galibi da C: ko makamancinsa yake farawa. Jerin PATH ma a Linux da ɗigo biyu ake raba shi, a Windows kuwa da waƙafi mai ɗigo. Akwai sunayen da Windows ta haramta gaba ɗaya, irin CON da NUL da AUX da PRN, sannan tsoffin fankshin ba sa wuce haruffa 260 a adireshi sai an sa masa \\?\ a gaba ko an kunna saitin dogon adireshi da ya zo a Windows 10.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye wanda masu rubutu daga waje ba safai suke gwadawa ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, babu su a tsohon jadawalin haruffa mai lamba 1252 da Windows ta Turanci ke aiki da shi. Idan ka yi amfani da fankshin masu ƙarewa da A, irin CreateFileA, folda mai suna Ƙididdiga za ta koma alamar tambaya ko wani harafi dabam, manhajar kuma ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Ka riƙe duk sunaye a UTF-8 a cikin manhajar, ka juya su zuwa UTF-16 da MultiByteToWideChar a daidai katangar, ka kira masu ƙarewa da W. Ka kuma buɗe fayiloli da "rb" da "wb", domin in ba haka ba laburaren C na Windows zai riƙa sauya alamar ƙarshen layi da kansa, sannan ka koya wa mai karanta dokokin gini ya haƙura da layin da ya ƙare da CRLF.

Lokacin fayil

A nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa, domin kuskuren da ke nan ba ya ihu. Make da ire-irenta suna yanke hukunci ne da kwatance guda: idan lokacin da aka taɓa fayil ɗin tushe ya fi na abin da aka gina daga gare shi sabunta, a sake gini, in ba haka ba a bari. Unix tana ƙirga lokaci daga 1 ga Janairun 1970, Windows kuwa daga 1 ga Janairun 1601, a ma'aunin nanosakan 100, kuma tazarar da ke tsakaninsu daƙiƙa 11,644,473,600 ce. Ka ɗauko lokacin da GetFileAttributesExW, ka riƙe shi a lamba mai bit 64, kada ka yanke shi zuwa cikakkiyar daƙiƙa don neman sauƙi. Kwamfutar yau tana iya gina fayil, wani rubutu ya gyara tushensa, duk a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma idan ka zubar da ɓurɓushin daƙiƙar, lokutan biyu za su yi daidai, manhajar ta ce babu abin yi, mutum ya ci gaba da gwada tsohon gini yana neman kuskuren da ya riga ya gyara.

Yanayin aikinmu yana ƙara wa wannan nauyi. Da yawa daga cikinmu a filas muke yawo da aiki tsakanin gida da makaranta, kuma filas mai tsarin FAT32 ba ta rubuta lokacin gyara sai a tazarar daƙiƙa 2, sannan agogon gari take ajiyewa ba tare da ta faɗi na wane yanki ne ba. Waɗanda suka saka Linux da Windows a kwamfuta ɗaya suna da tasu matsalar: Linux tana ɗaukar agogon injin a matsayin agogon GMT, Windows kuwa tana ɗaukarsa agogon gari, kuma tunda Najeriya tana gaban GMT da awa 1, sauyawa daga wannan zuwa waccan na iya ja da agogo baya ko tura shi gaba da awa guda. Ana gyara wannan ta ɓangaren Linux da timedatectl set-local-rtc 1, ko ta ɓangaren Windows da saitin RealTimeIsUniversal. Ga kuma tsoffin kwamfutoci da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, waɗanda ke farkawa da kwanan watan shekarun baya. Ba za ka iya gyara agogon kowa ba, amma kana iya sa manhajar ta yi gargaɗi idan ta ga fayil mai lokacin da bai zo ba tukuna, kamar yadda GNU Make ke yi. A ganina, idan tsarin manhajar ya ba da dama, gara ta riƙa ajiye lokacin da ta gani a ginin baya, ta sake gini idan ya bambanta ta kowace fuska, maimakon tambayar wane ne ya fi sabunta.

Tayar da umarni

Wannan ɓangaren shi ya fi yawan rubutu. Babu fork, wanda Linux ke tayar da sabon aiki da shi, a Windows, abin da ke akwai shi ne CreateProcessW, kuma bambancinsu ya wuce suna. A Linux ana miƙa wa sabuwar manhaja jerin kalmomin umarni a rarrabe, a Windows kuwa layi guda ake ba ta, ita ce za ta yanka shi da kanta. Saboda haka nauyin sa alamar zance ya dawo kanka: duk kalmar da ke da fili a cikinta, kamar C:\Program Files, sai an kewaye ta da alamar zance, kuma idan ta ƙare da \ sai an ninka shi, in ba haka ba zai cinye alamar rufewar, kalmomi biyu su haɗe. Ka ware wa wannan fankshin ɗin gwaji na musamman, domin ƙarami ne amma kowane umarni ta cikinsa yake bi.

Sai ka yanke shawara a kan shel, wato manhajar da ke karɓar layin umarni ta aiwatar da shi. A Linux ana miƙa kowane umarni ga /bin/sh. GNU Make a Windows tana neman sh.exe, idan ta samu ta yi aiki da shi, idan babu ta koma ga cmd, abin da ke sa dokar gini ɗaya ta yi aiki a wata kwamfuta ta ƙi a wata. Ninja kuwa ta zaɓi kiran CreateProcess kai tsaye ba tare da shel ba, wanda ke son cmd sai ya rubuta hakan a fili. Na fi son wannan hanyar ta biyu saboda ba ta da ɓoye-ɓoye. Akwai kuma iyakar tsawo: cmd ba ya karɓar layin da ya wuce haruffa 8,191, CreateProcess kuma 32,767, alhali umarnin linka, mai haɗa gutsattsarin da kwamfaila ya fitar su zama manhaja guda, a babban aiki yana wuce haka cikin sauƙi. Mafita ita ce a zuba kalmomin a wani fayil na wucin gadi a miƙa sunansa da alamar @ a gaba, kuma GCC da kayan Microsoft duk suna gane wannan.

Idan manhajar tana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, ka san cewa WaitForMultipleObjects ba ta jiran abin da ya wuce 64. Ka kuma kula da gadon bututu, wato pipe ɗin da aiki ke turo wa manhajarka saƙonninsa ta ciki: idan aiki na biyu ya gaji bakin bututun aiki na farko bisa kuskure, na farko zai gama amma manhajarka ta ci gaba da jiran bututun ya rufu, ginin ya tsaya cik. Ka sa kowane aiki ya gaji nasa kaɗai. Lambar da aiki ke dawowa da ita a Windows mai bit 32 ce, kada ka yanke ta zuwa bit 8 irin na Unix, domin lamba kamar 256 za ta koma sifili, gazawa ta zama nasara. Domin Ctrl+C, ka yi amfani da SetConsoleCtrlHandler, ka kuma saka ƴaƴan ayyukan a cikin abin da Windows ke kira Job Object, ta yadda idan uwar ta mutu ba za a bar kwamfaila yana ta gudana a ɓoye ba.

Goge fayil da ɗaukewar wuta

A Linux kana iya goge fayil ko da wani yana riƙe da shi a buɗe. Windows ba ta yarda da haka sai in wanda ya buɗe ya ba da izini tun farko, kuma ba ta bari a rubuta a kan manhajar da ke gudana. Manhajar riga-kafin bairos ma takan riƙe sabon fayil na ɗan lokaci tana dubawa, don haka idan gogewa ta ƙi, a ɗan jira a sake gwadawa sau kaɗan kafin a ce an gaza. Fankshin ɗin rename na C a Windows yana ƙi idan akwai fayil mai sunan da ake nufa, sai ka maye gurbinsa da MoveFileExW tare da MOVEFILE_REPLACE_EXISTING.

Wannan yana da muhimmanci a gare mu fiye da yadda ake zato. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu, kwamfuta mai raunin batiri tana iya mutuwa a tsakiyar gini, ko don an ɗauke wuta ko don ta yi zafi ta kashe kanta. Abin da za ta bari shi ne rabin fayil mai sabon lokaci, wanda manhajar za ta ɗauka kammalalle ne idan an dawo. Saboda haka duk bayanan da manhajar ke rubuta wa kanta, ta rubuta su da sunan wucin gadi, sai sun kammala ta sauya musu suna, sannan kada ta ƙidaya wani aiki a matsayin gamamme sai lambar nasararsa ta dawo an kuma rubuta hakan a rajistarta.

Saura batun fayilolin heda, wato masu ƙarewa da .h da fayil ɗin tushe ke jawowa, waɗanda dole manhajar gini ta san su domin ta sake gini idan sun sauya. GCC yana rubuta jerinsu a fayil idan an ba shi -MMD, kwamfailan Microsoft kuwa da /showIncludes yake zubo su a cikin saƙonninsa, kowane layi da wata jimla a gabansa wadda ke sauyawa idan an saka shi da wani harshe, shi ya sa Ninja ta tanadi msvc_deps_prefix. Ka bar wannan jimlar ta zama abin da mai amfani zai iya saitawa. Ƙarshen sunaye kuwa aiki ne mai sauƙi: .o ya zama .obj, .a ya zama .lib, .so ya zama .dll, a ƙara .exe.

Gwaji

Gwaje-gwajen da manhajar ta zo da su su ne farko, kuma duk wanda ka tsallake a Windows ka rubuta dalili a gefensa. Bayan su, ka ɗauko wani aiki na gaske ka gina shi daga farko, ka sake kiran manhajar nan take: dole ta ce babu abin yi. Idan ta sake gina ko da fayil ɗaya, akwai matsala a lokaci ko a daidaita adireshi. Ka gyara heda guda ka duba ko waɗanda suka dogara da shi ne kaɗai aka sake ginawa, kuma dukkansu. Ka mayar da aikin cikin folda mai fili da harafi mai lanƙwasa a sunanta, ka maimaita. Ka kai shi kan filas mai FAT32, ka maimaita. Ka katse gini a tsakiya da Ctrl+C, wani karon kuma ka kashe manhajar da ƙarfi daga Task Manager, ka ga ko gini na gaba zai gyara ɓarnar da kansa.

Idan ma'ajiyar tana GitHub kuma a buɗe take ga kowa, GitHub Actions na ba da injinan Windows da Linux kyauta, sai ka sa kowane sauyi ya bi ta duka biyun, wanda hakan ke rage maka dogaro da wutar gida da datarka. Lokacin miƙa aikin ga masu manhajar ta asali, ka aika shi kashi-kashi bisa jerin da ka yi shi, katangar tukuna, sannan ɓangaren Windows, sannan gwaje-gwajen, ka kuma faɗa musu a fili ko za ka ci gaba da kula da ɓangaren Windows ɗin bayan sun karɓa, domin wannan ce tambayar da za su fara yi maka.